Keken da muka ƙera daidai jikin abokina

Shekarun baya, jihar Jigawa tana sabuwa fil, ana ta kwasar ma'aikata daga Kano zuwa Dutse, ina ajin ƙarshe a sashen injiniya na wata jami'a. Wata rana malaminmu ya shigo aji ya ce za a yi gasa tsakanin jami'o'i. Kowacce za ta ƙera abin hawa da ba ya shan mai, ƙarfin mutum kaɗai zai tafi da shi. Za a duba zane, a duba ƙira, sannan a yi tsere. Mu uku ya zaɓa: ni, da wani dogo ɗan ajinmu da ya fi kowa hannun zane, da abokina ɗan Kwandiko ta ƙasar Gwaram, wanda muke ɗaki ɗaya da shi tun shigarmu makaranta.

Ba mu yi nisa ba malamai suka tafi yajin aiki, aka rufe makaranta. Sai muka tattaro takardunmu muka dawo Birnin Kudu, shagon waldar kawuna. Keke mai ƙafa uku muka zana, wanda matuƙi zai kishingiɗa a ciki yana buga feda, a rufe shi da kwano marar nauyi don kada iska ta riƙe shi. Lissafinmu ya nuna iya ƙanƙantarsa iya gudunsa. Nan maganar wanda zai tuƙa ta taso. Ni dai tun lokacin tumbina yake riga ni shiga ɗaki. Dogo kuwa sai an naɗe shi biyu. Muka juya gaba ɗaya muka kalli abokina, ɗan siriri, gajere, iska mai ƙarfi ma sai ta nemi tafiya da shi.

Tef ɗin tela muka aro muka auna shi, tsawon ƙafa, faɗin kafaɗa, har inda gwiwarsa take kaiwa in ya lanƙwasa ta. Kawu yana yanka bututun ƙarfe yana cewa shi dai bai taɓa ɗinka wa mutum riga da wuta ba sai a kanmu. Abokina ya tsaya ana auna shi, baki har kunne. Ya ce, "Yau dai ramar nan tawa ta yi rana." Muka yi ta dariya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na makonnin nan ba.

Da keken ya haɗu, da safe mukan fitar da shi hanyar Gwaram mu gwada. Direbobi har rage gudu suke yi suna leƙo mu. Yana gudu kam, ba ƙarya. Amma duk sanda abokina ya fito daga ciki sai ya nemi gindin bishiya ya zauna ya daɗe, hannunsa dafe da ƙugu. In na tambaya ya ce gajiya ce. Dama tun a makaranta yakan ɓace ya tafi gida, ya dawo a rame idanu sun yi ɗorawa, ya ce zazzaɓi ne. Ni kuma mai jin kansa injiniya, ina iya gane ƙarfen da ya gaji, ban gane mutumin da muke ci a kwano ɗaya ba.

Aka janye yajin aiki, aka sa ranar gasa, saura kwanaki kaɗan. Abokina yana Kwandiko, dama ya ce zai je ya ɗan huta, sai na bi shi don mu taho tare. Da ya fita sallar la'asar na tsaya ɗaura takalmi, mahaifiyarsa ta kira ni daga gindin rumbu inda take tankaɗe. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce wani abu kuka ƙera da ake tuƙawa da ƙafa."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Wa ke tuƙawa?"

Na ce shi ne, har da ɗan alfahari a muryata. Ta ajiye rariyar.

"Wancan da kake gani ba lafiyayye ba ne. Amosanin jini gare shi, wanda likitoci ke ce wa sikila. Ƙannensa biyu ciwon nan ne ya tafi da su. Ko guga ban taɓa bari ya ja a rijiya ba. Ni ka san ba ma irin wannan maganar da shi, bakina ba zai iya ba. Kai ne abokinsa. Na ba ka amana, kada ka bari ya hau abin nan."

Na ce mata in sha Allahu ba zai hau ba, kuma har zuciyata na faɗa.

Sai da muka isa shago na tayar da maganar a gaban dogo da kawu. Abokina bai musa ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da ake yi wa wanda ya tuɓe maka riga a kasuwa. Muka shiga neman mafita. Na gwada shiga keken, na maƙale tun daga ƙugu, sai da kawu ya janyo ni ta hammata. Dogo ya shiga, gwiwoyinsa suka hana murfi rufuwa. Kawu ya zagaya keken ya ce in za a faɗaɗa shi sai an yanke ƙarfen tsakiya an sake komai daga farko, kuma ko ba ma barci ba za mu gama kafin ranar ba. Mun ƙera abu da mutum ɗaya tak zai iya shiga a duniya.

Ni da dogo muka yanke shawara za mu kai zane da ƙira, mu haƙura da tsere. Da muka koma makaranta na je har ofis na gaya wa malaminmu maganar ciwon. Ya kira abokina ya tambaye shi, shi kuma ya dubi idon malam ya ce rabonsa da ciwon tun yana sakandare. Malam ya ce to, shi ba yaro ba ne, shi ya san jikinsa. Daga ranar abokina ya daina yi mini magana. Muna ɗaki ɗaya, sai dai sallama.

Ranar gasa rana ta take sosai. Aka duba zane, aka duba ƙira, aka kira masu tsere. Kafin in ankara ya shige cikin keken ya ɗora ƙafafunsa kan feda. Murfin yana hannuna, na ƙi saka shi. Na durƙusa na ce, "Don Allah ka fito. Inna ta ba ni amana."

Ya yi magana a hankali, don kada na kusa su ji. "Tun ina yaro in ana ƙwallo ni ne mai gadin takalma. In za a je gona a ce in zauna in jira gida. Kowa lallaɓa ni yake yi kamar ƙwai, ana jiran ranar da zan fashe. Ba a taɓa zaɓe na saboda jikina ba sai ku. Mutuwar nan ko na hau ko ban hau ba tana nan tafe, na ga ta ƙannena. In ka hana ni yau, wallahi ban yafe maka ba."

Ana ta busa usur ana jiran mu. Na kalli dogo, ya kawar da kai. Na ɗora murfin na ɗaure shi da hannuna.

Ya tashi a baya, don ƙafarsa ba ta da ƙarfin fizga. Amma da keken ya ɗauki gudu sai ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda ya gifta ta gabanmu ina jin muryarsa ta cikin kwanon, yana ihu kamar yaron da aka saki daga makaranta. Ɗaliban wasu jami'o'in ma suka miƙe suna tafa masa. Na biyu ya zo.

Keken ya tsaya, murfi bai motsa ba. Muka ruga muka buɗe. Ya jiƙe sharkaf, leɓunansa sun yi fari, ya datse haƙora. Da na kama shi zan ɗaga ya saki wata ƙara da har yau nake jin ta. Wurin ya matse shi ta ko'ina, kamar yadda muka auna, ba ta inda za a zaro shi ba a lanƙwasa ƙafar ba. Sai da muka sa filaya muka yage kwanon muka fito da shi a kwance.

Ya daɗe a asibiti, ana ta ƙarin jini. Ya rayu, amma likita ya ce kan ƙashin ƙugunsa dama ya fara lalacewa, wannan ya ƙarasa shi. Bai sake takawa ba sanda ba. Da muka mayar da shi Kwandiko na kasa haɗa ido da Inna. Ita kuwa ta aiko mini da fura kamar kullum. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ya gama karatu bayanmu da shekara, ya samu koyarwa a wata makarantar fasaha. Mun shirya. Sau ɗaya na ɗauko maganar zan ba shi haƙuri, ya ɗaga sandarsa ya ce in na ƙara zai rotsa mini kai da ita. Bai yi tsawon rai ba. Wata damina ciwon ya tashi, ya kama ƙirjinsa, kafin in iso daga Dutse har an kai shi makwancinsa.

Na sha ba da labarin nan, kowa da hukuncin da yake yanke mini. Wasu su ce na ci amana, wasu su ce ba ni da ikon hana baligi abin da ya zaɓa. Ni dai na san an ba ni amana ban riƙe ba, kuma abin yana ci na har gobe. Na kuma san in aka mayar da ni filin nan da murfin a hannuna, ba ni da tabbacin zan yi daban. Wannan ɗin ya fi damu na.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Inna ta aika a kira ni. Shekarun nan duka ba ta taɓa tayar da zancen keken ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, na shirya jin duk abin da za ta faɗa.

Ta ce, "Ranar nan da ya hau abin, kana wurin?"

Na ce, "Ina wurin, Inna."

"An ce har wuce mutane ya yi."

"Ya wuce su, Inna. Mutum ɗaya ne kawai ya riga shi."

Ta gyara mayafinta, tana kallon ƙasa. Ta ce, "Ni ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Faɗa mini yadda aka yi."

Na zauna a ƙasa na ba ta labarin tseren tun daga farko, da ihunsa, da tafin da aka yi masa. Wajen fito da shi ne kawai na tsallake.