Baba Gide Fatoma, Mai Masaukin Kwarin Ɗinya

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, takwas ga Nuwamban 1977, a ƙarshen watan Zulƙida, Allah Ya karɓi ran Baba Gide, fatoman garinmu Kwarin Ɗinya da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Ni Sanusi, malamin firamare, maƙwabcinsa ne. Katanga ɗaya ta raba mu.

Baba, yaran da nake koyarwa yanzu ba su san aikin fatoma ba. Sai na yi musu bayani cewa kai ne mai saukar da baƙin kasuwa. Tun ranar Litinin da la'asar, jajibirin kasuwarmu ta Talata, jakuna ke cika ƙofar gidanka: masu barkono daga Sabuwa, masu tukwane daga Ketare, Fulani da tumakinsu. Kai ke ba su tabarma, kai ke tsare kayansu, matarka Goggo Hajaratu kuwa ba ta sauke tukunya sai kowa ya ce ya ƙoshi. Ban taɓa jin ka tambayi baƙo addininsa ko ɗan wane ne kafin ka miƙa masa ruwa ba.

Shekarar fari, da Amadu, Bamagujen nan na wajen Mabai, ya zo da iyalinsa ba ko tsaba a hannunsu, ka kwashe kayan ɗakinka na baya ka sauke su Amadu a ciki. A nan matarsa Kyauta ta haihu, Goggo ta yi mata wankan jego kamar ɗiyarta. Da wasu suka yi maganar a masallaci, abin da ka ce ke nan: "Yunwa dai ba ta tambaye shi ba, ni ma ba ni tambaya tai."

Sai aka zuba kwalta. Mun yi murna, kai ma ka yi. Kuɗin man fetur suka buɗe ayyuka a Funtuwa, 'yan kwangila suna ɗaukar duk mai ƙarfin sungumar buhun siminti. Samari suka rataye fartanya. Tun hantsi bai yi ba motoci sun kwashe su, sai almuru su dawo a gajiye. Mai barkono ya daina kwana; ya zo da safe a mota, ya juya kafin azahar, daga baya ma ya riƙa wucewa ta gabanmu bai tsaya ba. Aka rushe rumfunan 'yan koli aka yi tasha. Filin da ake ɗaure awaki aka gina masa ɗakunan haya na kwano, ma'aikatan da haya ta yi wa tsada a birni suka tare. Ba mu san sunansu ba, su ma ba su san namu ba. Kwana kawai ke kawo su.

Duk da haka ba ka fasa share zaurenka ranar Litinin ba. Mutum ɗaya ya rage mai zuwa a kan jaki: Amadu.

Bana Allah Ya ba ka dawa mai kyau, amma babu mai yanka. Ka kira gayya, tsofaffi 'yan kaɗan suka zo. 'Yan ƙwadago sun ce ladan siminti ya fi. Ɗanka Ɗanliti, wanda ke aiki a wani kamfanin gine-gine, ya roƙe ka ka jira Lahadi. Ka ce birai da shanu ba su san Lahadi ba. Ka ɗauki lauje ka fita kai kaɗai, da tsufanka da ciwon ƙirjinka.

Ina cikin aji na hango Amadu yana jan jakinsa, kana kwance rub da ciki a kai. Bai same ka a zaure ba, ya bi ka gona, ya tarar da kai a faɗe tsakanin kunyoyi.

"Malam, taho ka kama mani," in ji shi. "Na yi ta kira tun daga bakin gari, ba namiji ko guda."

Ranar kasuwa ce, Baba. Muka ratsa ta tsakiyarta da kai, ba kowa sai mata masu daddawa da kuka, suka bar kayansu suka biyo mu. Babu mota a tasha da za ta kai ka asibitin Ƙanƙara. Duk suna Funtuwa. Ka cika a zaurenka kafin azahar, Goggo na maimaita maka kalmar shahada.

Ni da Amadu da ladan muka haƙa kabarinka, ƙasa ta riga ta bushe, muna yi muna hutawa. Muka tare wata motar kaya muka ba direba saƙo zuwa ga Ɗanliti a Funtuwa. Ya isa, amma mai gadin kamfanin ya ce ba a kiran lebura sai an tashi. Liman ya jinkirta har bayan la'asar, sannan ya ce haƙƙinka ne a kai ka. Mutumin da ya ciyar da fatake na ƙasashe da dama, sahu ɗaya bai cika a sallarsa ba. Amadu ya tsaya daga gefe har aka idar, sannan ya sa kafaɗa ya ɗauki makara tare da mu, don ba mu isa ba.

Da magariba motocin suka dawo. Ɗanliti ya sauko da burodi a hannu, wanda yakan sayo maka saboda haƙoranka. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya tsaya. Masu haya suka wuce mu da rediyoyinsu, wani ya tambayi ko suna ake yi.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Gide, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Goggo Hajaratu, da 'yarsa Adama da ke aure a Sabuwa, da jikoki, da Amadu wanda ya rasa ɗan'uwa. Kai kuma Ɗanliti, ka ci abinci, ka daina cewa da kana nan. Ajali ne ya zo, mahaifinka kuwa bai taɓa ambatonka ba sai da albarka. Allah Ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, Ya kuma sa akwai masu ɗaukar mu. Amin.