Injin Jirgin Ruwa a Kusada

Kankiya

Zamanin Turawa ne, shekara biyu da barina aikin injin jirgin ruwa a Baro, bakin kogin Kwara. Ina idar da sallar asuba na ɗaure jakar sufanu a bayan keke, na kama hanyar Kusada. Ƙanena Audu ne ya aiko. Maigidansa, Alhaji Nababa, ya sayo tsohon injin jirgi ya mai da shi na niƙa, Audu ke kula da shi. Kullum sai ruwan injin ya ƙafe ya ɗau zafi. Alhaji ya ce lalacin Audu ne, ba ya zubawa, ya ba shi zuwa Juma'a ya bar aikin.

Bauranya

Da hantsi na tsaya shan fura. Da mai furar ta ji inda za ni, sai ta ce, "Malam, koma gida. Aljanin kogi ne ya biyo abin nan, shi ke shanye ruwan." Na yi dariya na ce ta ƙaro nono.

Kusada

Na isa kafin azahar. Ina shiga rumfar injin, warin baƙin mai ya buge ni, sai na ji kamar ina tsakiyar Kwara. Wallahi na yi kewar ruwan nan, har ƙwalla ta zo mini.

Na ce ina zaton yoyo injin ke yi. Alhaji ya nuna ƙasa. "To gwani, ga ta nan a bushe. Ina yoyon?"

Na sa aka kashe injin ya huce, na goge shi tas, Audu ya cika masa ruwa. Na ɗebi garin gero na barbaɗe shi ko'ina, yadda muke yi da alli a jirgi.

"Garin mutane ne hwa!" in ji Alhaji.

Muka zauna jira. Aka kawo tuwo, Audu ya kasa ci. Bayan la'asar sai ga siririn layi ya yi duhu a cikin garin. Na bi shi da yatsa har gindin bututu, ga tsaga kamar silin gashi. In injin na aiki, zafi ke busar da ɗigon kafin ya kai ƙasa. Na narka darma na liƙe.

Alhaji ya daɗe yana duban layin nan. Can ya ce, gaban masu niƙa, "Audu, na zalunce ka. Yahe mani." Audu ya juya baya yana share ido da hula.

Gida

Washegari da azahar na iso Kankiya lafiya, na gode Allah. Inna na zaune a bakin ƙofa, ba ta ko bari na sauka ba.

"Sun kore shi?"

Na ce, "Inna, na baro shi yana niƙa."