Kwanon Thailand da jeren Umma

Muna tsaye a gidan tarihi a unguwar Bloomsbury ta London, ni da surukata Umma, muna kallon wani koren kwano na tsohuwar daular Thailand. Bakinsa ya ɗan ɓantare.

Ni da karatun littattafan soyayya, nan take na haɗa labari. Na ce, "Umma, ina jin na gimbiya ne. Masoyinta ya ba ta ranar da zai tafi yaƙi."

Ta ce, "Gimbiya ina! Dubi yadda ya sha wanki, 'yar nan. Wata baiwar Allah ce ta yi ta zuba wa 'ya'yanta shinkafa. Sa'arta ɗaya, wadda ta gaje shi ba ta ce ya cika mata flat ba."

Kunya ta rufe ni. Ashe ta sani.

Kwanukan jerenta take nufi, waɗanda ta taho da su London tana amarya a shekarun alif ɗari tara da saba'in, lokacin da kuɗin fetur ya kawo mijinta, Baba, karatu. Bayan bikinmu ta ba ni su. Ni kuwa na yi booking a ɓoye, ranar Asabar za a kwashe su zuwa charity shop, shagon sayar da kayan da aka bayar sadaka.

Tun a bas, a hanyar komawa gida, na yi cancel ɗin booking ɗin. Yau na share kabad ɗin falo na jera su. Umma ta shigo ta duba, ta juya babban don fulawarsa ta kalli ƙofa.

Ta ce, "Haka ake yi."

Muddin ina gidan nan, ba inda za su. Ku fa, wane tsohon kaya kuka kusa zubarwa?