Wayar da Ta Faɗi Sunan Ɗan Fari

Cikin shekarun da na yi ina gyaran waya a Ƙofar Kibo, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wata Talata da Alhaji Kabiru ya faɗo shagonmu da jakar tafiya, ido jawur.

A shagon mu biyu ne. Malam Sani, maigidana, shi ke buɗe cikin waya, ni kuma saiti ne nawa, wato kwashe lambobi daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Mako biyu kafin nan, Alhaji Kabiru ya aiko wa mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa ta Kusfa, sabuwar waya daga Fatakwal. Ya ce idonta ya yi rauni, in saita wayar ta riƙa faɗin sunan mai kira da murya.

Ina kwashe lambobin sai na ga an rubuta tasa da "Wancan". Ni sarkin iyayi na goge, na rubuta "Kabiru", har ina yaba wa kaina.

"Me ka yi wa wayar Hajiya?" in ji Alhaji Kabiru ranar Talatar nan. "Kwana goma ina kira tana katsewa. Na bar aiki na taho in ji laifina. Ta ce in zo in tambayi mai gyara."

Malam Sani ya sa aka ɗauko Hajiya a Keke. Ta ajiye wayar a kan teburina kamar mai mayar da ruɓaɓɓen nama.

"Ɗan nan, wannan abar ba ta da kunya. Ina gidan suna, tsakar gida cike da mata, ta kama kiran sunan yaron nan daga cikin jakata. Shekara arba'in da biyar bakina bai faɗa ba. In ɗauka a ce ina rawar jiki a kansa?"

Sai a lokacin na gane ɗan farinta ne. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Malam Sani ya turo mini wayar da yatsa ɗaya. Na mayar da "Wancan".

Alhaji Kabiru ya fita bakin titi ya kira don gwaji. Wayar ta ce "Wancan" da muryar Baturiya. Hajiya ta bari ta yi ƙara sau uku, don kada a ce jira take, sannan ta ɗauka.

"Lafiya? To. Ka ci abinci dai?"

Yana tsaye taku goma daga gare ta yana share hawaye, ita kuwa ta juya masa baya tana riƙe da wayar da hannu biyu.

Tun ranar na daina gyara sunan da ba a ce in gyara ba. In na ga "Wancan" ko "Shi" a wayar tsohuwa, na san lambar da ta fi kowace daraja ke nan, ita nake fara kwashewa.