Umarnin da Muke Rubutawa Duk Azumi

Ƙarfe huɗu da kwata, ranar ɗaya ga azumi, ina cikin keke napep daga Limawa zan je Chanchaga, waya a hannu, ina kallon lamba shida da ta ƙi motsi. Sabobi shida, wato kwamfutocin da manhajarmu ke aiki a kansu. Tun ƙarfe huɗu ya kamata a ce sun kai goma sha biyu. Saƙo kuwa sai shigowa yake: manhajarku ta ƙi buɗewa, na danna oda sai juyawa take, wai kuna aiki kuwa?

Yayata ce ta gina manhajar. Mata masu girki a gida suna sa abincinsu, mutane su yi oda, masu babur su kai. Sabobin da ke ɗauke da ita na haya ne, suna can wata ƙasa, ko ita ba ta taɓa ganinsu da ido ba. Ta baƙin allo muke magana da su, ka rubuta umarni, ka danna, su amsa. Ta saita su yadda idan mutane sun yi yawa za su ƙaru da kansu, idan an watse su ragu. Ranar da ba komai, biyu sun isa, kuma ba sa wuce shida.

Azumi ne ba ya bin wannan tsarin. Sabuwar saba sai ta yi wajen minti biyar kafin ta farka ta fara aiki, su kuma mutanen Minna da an idar da La'asar kowa zai tuna da cikinsa a lokaci guda. Kafin na'ura ta gane me ke faruwa an riga an danne ta. Shi ya sa Yaya take rubuta umarni na musamman: ƙarfe huɗu a tada goma sha biyu su jira, bayan Magariba a sallame su. Kuma na'ura ba ta san ganin wata ba. Duk shekara sai mutum ya zauna ya sa mata ranar da hannu.

Wata huɗu kafin wannan azumin Yaya ta samu aiki a Kanada ta tafi, ta bar mini komai. Tun tafiyarta ba mu yi hirar da ta wuce minti uku ba. Ya aiki, ya sanyi, gai da Umma, shi ke nan. Ita da muke kwana mu tashi a tsakar gida ɗaya, kwamfuta a kan tabarma, tana rubutu ina leƙe tana ture mini kai.

A cikin keken na rubuta a ƙara sabobi zuwa goma sha biyu. Ya ƙi. Na sake, ya sake ƙi. Don sauri ina danna harafi wani yana fitowa. Sai ga kiran Hajiya, wata 'yar Bida mai yi mana ƙosai da kunun gyaɗa, wadda ta fi kowa samun oda.

"Ɗana, na soya ƙosai roba biyu, ba wanda ya kira. Ko mutane sun fasa shan ruwa ne yau?"

"Hajiya ki ba ni minti goma."

"Ƙosai ba ya jira minti goma fa. In ya huce kai za ka cinye."

Na kashe, na kira Yaya. Ban so ba. Ban so a ce kiran kirki na farko da zan yi mata shi ne in ce na ɓata mata abu. Bugu biyu ta ɗauka, ina jin ƙarar takalminta, ta fito daga ofis kenan.

"Injiniya, me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba. Umarnin ƙarfe huɗu ne bai tashi ba."

"Karanta mini abin da ka rubuta."

Na karanta. Da na zo wajen sha shida, wato ƙarfe huɗu, sai ta kwashe da dariya, irin dariyarta da take ƙarewa da tari.

"Sha shida a agogon wa? Sau nawa zan gaya maka agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya? Kai ka ce musu ƙarfe biyar. Suna can suna barcinsu."

"To na ce a ƙara da hannu ma ya ƙi."

"Ina zai yarda, rufin yana shida? Ɗaga rufin tukuna, sannan ka nemi goma sha biyun. Ba a zuba mutum goma sha biyu a keke mai cin shida."

Mai keken ya jiyo muryarta, ya juyo ya ce shi dai huɗu yake ɗauka, kada a ja masa. Yaya ta ji shi, ta ce in gaishe shi.

Na ɗaga rufin, wato iyakar sama, na sake rubuta umarnin, ya karɓa. Muka tsaya jira ni da ita. Ina sake duba lissafin ina karanta mata: bakwai, tara, sha ɗaya. Daidai gadar Chanchaga ta goma sha biyun ta farka. Oda ta fara zubowa. Hajiya ta turo saƙon murya, ba godiya ba komai, cewa kawai ta yi masu babur su hanzarta.

Na ɗauka Yaya za ta ce sai anjima. Ba ta ce ba. Ta ce mu gyara na gobe tun yanzu, sha biyar ba sha shida ba. Muka gyara. Ta ce in duba na saukewa bayan Magariba, shi ma na yi masa kuskuren, muka gyara. Daga nan ta tambaye ni ko har yanzu mai tsiren bakin layinmu yana nan, ko mangwaron gidan maƙwabta ya yi 'ya'ya bana, ko Umma tana shan maganinta. Ta ce su jiya suka fara, kuma can azumi ba ya ƙamshi. Ba ƙamshin suya a layi, ba hayaniyar masu sayen ƙanƙara, sai dai waya ta yi ƙara ta ce lokaci ya yi, ka sha ruwa a tsaye gaban firji. Na sauka daga keke na zauna a bencin wani mai facin taya, ban je inda zan je ba. Har aka kira Magariba muna magana. Da ruwan leda na buɗe baki, tana ce mini ita saura awanni.

Shekara ta zagayo. Wallahi na iya aikin sarai, ko ido rufe zan rubuta. Amma washegarin ganin wata da hantsi, ita lokacin tana sahur, na kira ta, na ce ta tsaya a layi kada in maimaita na bara. Ta ce, "Kai dai ba ka da kai," ta tsaya. Aikin minti biyar muka yi awa biyu a kansa. Ina rubuta layi ɗaya, mu yi hirar rabin awa, in rubuta na biyu. Na tsaya ina tambayarta abubuwan da na san amsarsu. A sauke su duka lokaci guda ko biyu biyu? Minti nawa za a jira kafin a rage? Tana amsawa tana zagina, ina jin daɗi. Sauran watannin shekara kuwa muka koma minti ukunmu. Ba faɗa muka yi ba. In na tashi tana barci, in ta tashi aiki ni na gaji, sai hoton abinci da alamar dariya.

Ina kewarta a wurare marasa kan gado. In na buɗe baƙin allon na danna kibiyar sama, tsofaffin umarni suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, in na yi nisa sai in faɗa cikin nata. Sunayen da ta raɗa musu suna nan: bayan-juma'a, kafin-shan-ruwa, hajiya-ta-fara-suya. Akwai wanda ta rubuta ba daidai ba sau uku a jere, na huɗun ya yi. Ina tuna ranar, Umma ce ke mata magana a kan wanki tana amsawa tana rubutu.

Makon da ya wuce ta turo mini wani ɗan fayil. Ta ce ta zauna ta haɗa mini komai wuri guda. Ranar fara azumi kawai zan sa masa, shi zai lissafa bambancin agogo, ya ɗaga iyaka, ya tsara tashi da saukewa na kwana talatin, har da na Sallah. Ƙarƙashinsa ta rubuta: "Ka huta da kirana, Injiniya. Ka girma."

Na gwada shi a sabobin gwaji. Yana aiki, ko ɗigo babu kuskure, aikin Yaya ne. Na san don ta sauƙaƙa mini ta yi, wataƙila hutun ƙarshen makonta guda ta ba shi. Na tura mata na gode, da alamar hannu. Na fi minti goma ina rubuta wani abu a ƙasa ina gogewa, ƙarshe ban tura ba.

Yanzu saura kwana tara a fara duban wata. Hajiya ta riga ta sayi wake, ta ce bana kada ta ji labari. Fayil ɗin yana nan a wayata, layi ɗaya zan rubuta in gama kafin shayina ya huce. Ko kuma in kira Yaya in ce ya ƙi aiki, ita kuwa za ta gane ƙarya ce tun kafin in rufe baki. Ko in faɗa mata gaskiya, cewa ba don umarnin nake kira ba, abin da ba a saba faɗa ba a gidanmu. Ku da kuke da wani a nesa, da wane dalili kuke riƙe shi a waya in dalilin da kuke fakewa da shi ya ƙare?