Rikodar Mato da ta Jika

Shekara bakwai Mato ya yi shi kaɗai ne mai ɗaukar murya a Tanut. Duk wanda nasa ya tafi ci-rani Libiya, bai iya rubutu ba, gun Mato yake zuwa, ya faɗi saƙonsa a kaset, a ba direba ya kai. Rikodarsa ƴar ƙarama ce, murfinta ma da roba ake ɗaure shi. Amma Mato ya san aikinsa. A ɗakin ƙasa yake ɗauka, ya rataya tabarmi a bango, ya sa wa makirfo safa, ya auna taƙi ɗaya tsakaninsa da bakin mai magana. Ko numfashinka sai an ji.

Sai ga wani mai suna Jika ya dawo daga Libiya da wata rikoda kamar akwatin amarya: lasifika biyu manya-manya, ga fitilu suna rawa, pil, wato batir, har takwas take ci. Ya girke ta a tsakiyar kasuwa, ya saki kiɗa, mutanen ƙauyen Gangara har suna manta awakin da suka kawo. Kafin wata guda ɗakin Mato ya koma wurin barcin kaji.

Ba a ɓoyewa, hassada ta ci Mato. Tuwo ya daina yi masa daɗi. Kullum sai ya zaga kasuwa wai neman goro, alhali fitilun nan yake hara.

Ran nan, ana iskar bazara, ya tarar da tsohuwa Bintu zaune gaban rikodar. Sau shida ya taɓa ɗaukar muryarta zuwa ga ɗanta Sule, yau ga ta gun Jika. Ta rame, muryar ta dushe. Kallo ɗaya Mato ya gane abin da zai faru: makirfon a jikin injin yake, tsohuwar tana can nesa, iska na dukansa kai tsaye. Lasifikan da ke cika kasuwa ba su da amfanin komai wajen ɗauka.

Jika ya danna maɓallin ɗauka, ya waiwayo da fara'a. "Malam Mato, kai ne babba a sana'ar nan. Haka ya yi?"

A matso da ita kusa da injin, abin da ya kamata ya ce ke nan kawai. Mato ya duƙa daf da injin, ya dubi fitilun.

"Ya yi sarai. Inna, yi maganarki."

Da ta gama, Jika bai ko saurari abin da ya ɗauka ba, don mutane na jira, ya miƙa wa direba kaset.

Kaset-kaset ɗin Jika suka yi ta isa Libiya da hayaniya, ƙorafi ya yi ta dawowa, mutane suka koma gun Mato. Har ya yi ƙiba. Bintu kuwa ba ta ga girbi ba.

Bayan shekara Sule ya shigo ɗakin, kaset naɗe cikin rawani.

"Baba Mato, an ce ba wanda ya fi ka sani. Na ƙarshe ke nan da ta aiko. Ko kalma ɗaya ce, fitar mini."

Mato ya sa kaset ɗin a rikodarsa. Iska, kukan jaki, wani na tallan gishiri. Can ƙarƙashi wani abu kamar murya. Cikin kaset ɗin gaba ɗaya magana guda ce ta fito tas.

"Ya yi sarai. Inna, yi maganarki."

Sule ya ɗaga kai a hankali. "Baba, ashe kana wurin. To me ta ce?"

Mato bai sani ba. Fitilun yake kallo lokacin.