Kim na Aro

Duk tashar jiragen ruwa ta Yeosu babu wanda bai san Tak Byeong-ho mai gyaran inji ba. Da ma sunan gidansu ba irin na kowa ba ne. A garin da ko tari ka yi sai wani Kim ya ce maka sannu, su Tak gida ɗaya ne tak. Marigayi mahaifinsa shi ne shugaban makarantar firamare, rabin masuntan nan a hannunsa suka koyi rubuta sunansu. Shi kuwa ɗan, abu biyu aka san shi da su: kunnen da ke gano ciwon inji tun ba a kwance shi ba, da koriyar kwalbar giyar soju.

Kamar kowa ya fara. Babba ya zuba maka, ka karɓi kofin da hannu biyu, ka kau da kai gefe ka shanye, wai ladabi ke nan. To, Byeong-ho ladabin ne ya yi masa yawa. Matarsa ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta koma wurin yayarta a Busan. Ranar bikin cikar jikarsa Da-on shekara ɗaya, an jera zare da fensir a kan tebur bisa al'ada, ana jiran a ga wanda yarinya za ta ɗauka don a hango makomarta, sai kakan ya yi tangaɗi ya kife a kan teburin, a gaban surukai.

'Yarsa Eun-sil ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. "Baba," ta ce, "ba za ka ƙara ɗaukar yarinyar nan ba sai ka nemi masu zaman daina sha ɗin nan, ka shiga cikinsu."

Neman ma sai da ya zama aiki, don bakinsa ya ƙi tambayar kowa a tasha. A asibiti ya yi ƙarfin hali ya tari wata ma'aikaciyar jinya, ya ce don wani abokinsa yake tambaya.

"Ka ce wa abokin naka akwai ɗaya a bayan kasuwar kifi," in ji ta. "In kuma kunya yake ji, akwai wani a Suncheon ranar Lahadi da rana."

Abokin dai motar Suncheon ya hau.

Ɗaki ne a saman shagon mai taliya, da kujerun roba da kofi mai zaƙi. Ƙa'idar wurin, ba a faɗin cikakken suna, na gida kawai. Kowa ya miƙe sai ya ce, "Ni Kim ne, giya ta fi ƙarfina." Ga mai suna Kim wannan rufin asiri ne. Shi kuwa in ya ce Tak, ya tono mahaifinsa daga kabari ya tsayar da shi a tsakiyar mashaya. Da layi ya zo kansa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ni Kim ne."

Da yake Kim sun yi yawa, kowa da laƙabinsa. Akwai Kim Mai Tari, tsohon da ke tsaron ƙofa, akwai Kim Direba. Shi suka sa masa Kim Baƙin Mai saboda faratansa. Kuma ya daina sha da gaske, hunturu ya zo ya wuce bai taɓa kwalba ba. Amma duk lokacin da aka tafa wa Kim, kunya biyu ke rufe shi, ta giyar da ta ƙaryar. Ya gaya wa Eun-sil a waya inda yake zuwa. "To," kawai ta ce, don ta sha jin irinsa.

Wata Lahadi ana tsakiyar zama sai ya ji muryarta a bakin ƙofa.

"Sannu Malam. Mahaifina nake nema, Tak."

"Tak?" in ji Kim Mai Tari. "'Yata, ba mu da wannan a nan. In Kim kike so, sai ki zaɓa ki darje."

"Ai na sani," ta ce a hankali. "Ni ce ba na daddara."

Ya ji takunta yana sauka a matattakala. Ya miƙe zumbur, har ya ture kofinsa.

"Ni ne," ya ce, da ƙarfin da bai yi niyya ba. "Sunana Tak, ɗan Malam Tak na makaranta. Giya ta fi ƙarfina."

Kim Direba ya kurɓi kofinsa. "Sai yau? Ai ubanka ya zane ni a aji uku. Kai a zatonka me ya kawo ni Suncheon, daɗin taliya?"

Aka yi dariya, shi bai iya ba, fuskarsa kamar an watsa mata ruwan zafi. Takun ya tsaya, sannan ya fara hawowa. Eun-sil ta shigo da Da-on a kafaɗa, ta daɗe tana kallonsa, babu murmushi. Ta matso har inda za ta ji numfashinsa, sannan ta miƙo masa yarinyar.

Ya karɓa da hannu biyu, yadda aka koya masa tun yana saurayi. Wuyansa ya fara juyawa gefe da kansa, amma ya tsayar da shi, ya dubi 'yarsa.